Yadda Za Ka Ware Murya Da Kayan Kiɗa Daga Tsofaffin Waƙoƙin Rock Da Pop

A 1969 ƙungiyar Rolling Stones tana aikin waƙar "Gimme Shelter" a Los Angeles, sai aka ga ana buƙatar muryar mace. Cikin dare aka kira mawaƙiya Merry Clayton, tana da juna biyu, ta zo ta rera. A waƙar da ta shiga kasuwa muryarta na kokawa da jita da ganguna. Amma da za ka kashe komai ka bar ta ita kaɗai, za ka ji daidai inda muryar ta tsage saboda ƙarfin da ta sa, ka kuma ji wani daga gefe ya saki ihun mamaki. Irin wannan ne ya sa mutane ke farautar layukan sauti da aka ware: murya ita kaɗai, ganguna su kaɗai, jitar bes ita kaɗai. Wani don ya koyi kiɗa, wani don ya koyi haɗa sauti a sutudiyo, wani kuma don jin daɗi kawai.

Hanyoyin samun su uku ne, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai na asali da ya fito daga tef ɗin sutudiyo. Akwai wanda ake samu da dabarar sitiriyo, wato sautin da aka raba hagu da dama. Akwai wanda manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ta ƙiyasta ta fitar. Shawarata ita ce ka bi su a wannan jere, kada ka fara da na ƙarshe don kawai shi ne mai sauƙi.

Mataki na 1: Ka san yadda aka naɗi waƙar

Kafin ka taɓa kowace manhaja, ka duba shekarar da aka yi waƙar, domin ita ce za ta gaya maka abin da zai yiwu.

Kundin Beatles na farko, Please Please Me, a 1963 aka naɗe shi a kan tef mai layi biyu kacal: galibi kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan. Kafin ƙarshen shekarar suka koma mai layi huɗu, kuma da shi suka yi Sgt. Pepper a 1967. Idan layukan huɗu suka cika, sai injiniya ya haɗe su ya juye a layi ɗaya ko biyu na wani sabon tef, a samu wurin ƙara wasu abubuwa. Sai a 1968 suka fara aiki da mai layi takwas. Zuwa 1975 da Queen suka yi "Bohemian Rhapsody", tef mai layi 24 ake amfani da shi, amma duk da haka sai da suka yi ta juye muryoyi a kan juna saboda yawansu.

Ma'anar wannan ita ce, a waƙoƙin shekarun 1960 da yawa babu wani abu wai shi layin ganguna kaɗai, ko a rumbun ajiyar kamfanin. Lokacin da mai shirya waƙa Giles Martin ya zo sake haɗa kundin Revolver na Beatles a 2022, ya tarar da ganguna da bes da jita na waƙar "Taxman" duk a layi guda suke. Don haka idan ka ga an ɗora gangunan irin wannan waƙa su kaɗai an rubuta cewa na asali ne, ka san na'ura ce ta yi aikin. Daga farkon shekarun 1970 zuwa sama ne ake samun kowane kayan kiɗa da layinsa.

Mataki na 2: Ka fara neman na asali

Wasu masu waƙoƙin da kansu suka fitar. Beach Boys sun saki Stack-o-Tracks a 1968, kiɗan waƙoƙinsu ba murya, sannan tarin The Pet Sounds Sessions na 1997 ya zo da muryoyin zalla. Nine Inch Nails sun ba jama'a layukan "The Hand That Feeds" a 2005, Radiohead kuma suka sayar da na "Nude" a 2008 don masoyansu su sake haɗawa. Shirin talabijin na Classic Albums ma taska ne: mawaƙi ko injiniya zai zauna gaban teburin haɗa sauti yana ɗaga layi ɗaya yana sauke saura.

Mafi yawan na asalin da ke yawo a YouTube kuwa daga wasannin bidiyo suka tsiyayo, wato Guitar Hero da Rock Band. Wasan yana buƙatar jita ta yi shiru idan ɗan wasa ya kuskure, don haka dole kamfanonin waƙa suka miƙa layuka a rarrabe, daga baya wasu suka zaro su daga cikin wasan. Idan za ka bincika, ka rubuta sunan waƙar ka biyo shi da isolated vocals, ko isolated drums, ko multitrack.

To yaya za ka bambance na gaske da na na'ura, tunda yanzu kowa na ɗorawa? Ka sa hedfon ka lura da waɗannan. A layin murya na asali za ka ji kiɗan can ƙasa-ƙasa, siriri kamar daga nesa, saboda ya tsiyayo daga hedfon ɗin mawaƙin ya shiga makirufo. Za ka ji numfashi, da motsin leɓe, wani lokaci har da ƙirga kafin a fara ko magana bayan an gama. Sau da yawa layin yakan zarce inda waƙar kasuwa ta dusashe ta ƙare. Na na'ura kuwa tsakanin baiti da baiti shiru ne ƙurmus wanda ba irin na ɗaki ba, wutsiyar kalmomi tana yankewa, harafin "s" yana fita da wani kumfa-kumfa, kuma yana dusashewa daidai inda waƙar kasuwa ta dusashe.

Mataki na 3: Ka tanadi fayil mai kyau

Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu tun kafin su fara. Waƙar da ta bi ta hannu goma a waya, aka matse ta aka sake matsewa, ba za ta ba ka komai ba sai hayaniya. MP3 mai 128 kbps yakan datse sautin da ya haura kusan 16 kHz, ya kuma dagula ƙarar faranten ganguna, wurin da manhajojin warewa suka fi rikicewa ke nan. Ka nemi WAV ko FLAC, wato fayilolin da ba a rage ingancin sautinsu ba, daga faifan CD ko daga shagon intanet na halal. In ba dama, MP3 mai 320 kbps zai wadatar.

Ka tanadi wuri ma. WAV irin na CD yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, don haka waƙar minti huɗu da aka raba gida huɗu za ta cinye kusan 160. Ka buɗe wa kowace waƙa jakarta, ka ajiye asalin fayil ɗin gefe kada ka taɓa shi.

Idan waƙar tana da bugun mono, wanda hagu da damansa abu ɗaya ne, da na sitiriyo, ɗauki sitiriyo. Idan akwai sabon haɗin da aka yi daga tef na asali, kamar na Sgt. Pepper na 2017, gwada shi ma, don yawanci kayan kiɗan sun fi fitowa sarari.

Mataki na 4: Dabarun sitiriyo da Audacity

Audacity manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma ko tsohuwar kwamfuta za ta ɗauke ta. Abin da ya sa nake fifita waɗannan dabaru a kan na'ura shi ne, duk abin da ka ji a nan sautin gaske ne, ba ƙiyasi ba.

Dabara ta farko ita ce raba hagu da dama. Ka jawo waƙar cikin Audacity, ka danna sunan layin, ka zaɓi Split Stereo to Mono. Za ka ga layi biyu. Danna Solo a kan ɗaya ka saurara, sannan ɗayan. A sitiriyon farkon Beatles, da kuma na Rubber Soul na 1965, za ka tarar da muryoyi sun taru a gefe guda, yawancin kiɗan a ɗaya gefen. Aiki ya kusa ƙarewa ba ka sha wahala ba. Ba Beatles kaɗai ba, injiniyoyin wancan zamani da yawa haka suke jefa abu can ƙarshen hagu ko ƙarshen dama, don haka duk waƙar shekarun 1960 ka fara gwada mata wannan.

Dabara ta biyu ita ce share tsakiya. Bayan ka raba layin biyu, ka zaɓi ɗaya kawai, ka shiga Effect ka nemo Invert, sannan ka kunna su tare. Invert yana kifar da igiyar sautin, inda take hawa ta koma sauka. Duk abin da yake daidai wa daida a hagu da dama zai soke kansa ya ɓace, abin da ke gefe ya saura. Tunda daga ƙarshen shekarun 1960 an saba ajiye babbar murya a tsakiya, ita ce za ta tafi. Sai dai ba ita kaɗai za ta tafi ba: bes da babbar gangar ƙafa su ma a tsakiya suke zama. Amon muryar da aka baza hagu da dama kuma zai rage yana shawagi. Amfanin dabarar shi ne tono abubuwan da murya ta danne: jita ta biyu, 'yan amshi, fiyano da ba ka taɓa sanin yana wurin ba. Idan ka yi wa waƙar mono haka, shiru za ka samu.

Ta uku ita ce cire kiɗa daga cikakkiyar waƙa. Idan kana da bugun kiɗa zalla na hukuma, ka ɗora shi ƙarƙashin cikakkiyar waƙar, ka zuƙo hoton igiyar sosai har ka ga ɗigo-ɗigo, ka daidaita su a kan bugun ganga guda, sannan ka yi wa kiɗan Invert. In an dace, murya ce kaɗai za ta rage, tas. Amma sharaɗin da tsauri: dole su fito daga haɗi ɗaya, da ƙarfin sauti ɗaya, da gudu ɗaya. Abin da aka kwafo daga faifan garmaho ko kaset ba ya yi, domin gudunsa na ɗan rangaji. In ka gwada na ɗan lokaci bai soke ba, kada ka ɓata dare a kai.

Akwai kuma bugun sauti mai layi shida da ake kira 5.1, kamar wanda aka yi wa A Night at the Opera na Queen a faifan DVD. A irin wannan, layin tsakiya, wanda yawanci shi ne na uku, kan ɗauki babbar murya kusan ita kaɗai. Audacity na buƙatar ƙarin FFmpeg kafin ta buɗe irin waɗannan fayiloli.

Mataki na 5: Manhajojin ƙirƙirarriyar basira

Ware murya daga waƙar da aka riga aka haɗa kamar a ce ka tsame gishiri ne daga miyar da ta dahu. Na'urar ba tsamewa take yi ba a zahiri. An horar da ita ne da waƙoƙin da ake da layukansu a rarrabe, har ta koyi kamannin murya da na ganga, sai ta ƙiyasta rabon kowanne. Kamfanin Deezer na Faransa ne ya buɗe ƙofar ga kowa da ya saki Spleeter kyauta a 2019. Daga baya Demucs, wadda ta fito daga sashen binciken kamfanin Meta, ta zarce ta a inganci.

Ga mai kwamfuta, Ultimate Vocal Remover, wadda aka fi sani da UVR, ita ce zaɓina. Kyauta ce, kuma da zarar ka sauke ta da samfuran da kake so, wato fayilolin da aka horar su yi aikin warewar, ba ta buƙatar intanet. Ga yadda ake bi:

1. A Select Input ka nuna mata waƙar, a Select Output ka nuna jakar da za ta zuba sakamako.
2. A wurin zaɓar hanyar aiki ka ɗauki MDX-Net, sannan ka zaɓi samfurin raba murya da kiɗa. In babu, shiga saituna ka sauke daga Download Center.
3. Ka zaɓi WAV a matsayin abin da za ta fitar.
4. In kwamfutarka na da katin hoto mai ƙarfi irin na Nvidia, kunna GPU Conversion. In babu, za ta yi aikin, sai dai a hankali, don haka ka tabbata akwai caji ko wuta.
5. Ka fara kunna Sample Mode, ta yi maka daƙiƙa 30 ka ji. In ya yi, ka kashe shi ka danna Start Processing.

Ga wata dabara da ke ƙara tsabta: kada ka nemi komai a tashi ɗaya. Ka fara cire murya da MDX-Net. Sannan ka ɗauki fayil ɗin kiɗan ka mayar da shi ciki, ka canza hanya zuwa Demucs, ta raba maka ganguna da bes da sauran. Idan kana son raba babban mawaƙi da 'yan amshi, ka bi da fayil ɗin muryar ta samfuran da ke ɗauke da sunan Karaoke.

Wanda ya saba da Python zai iya tafiya kai tsaye. Ya rubuta pip install demucs, sannan demucs waka.wav, sakamakon zai faɗa jakar separated. Ƙara --two-stems=vocals yana ba da murya da kiɗa kawai. Ƙara -n htdemucs_ft yana ɗan ƙara inganci amma yana cin lokaci kusan ninki huɗu. Akwai htdemucs_6s mai fitar da jita da fiyano daban, sai dai fiyanon nasa ba abin yabo ba ne.

Mai waya kuma yana da Moises ko Splitter na BandLab. Suna da sauƙi, amma waƙar tana hawa intanet ne a sarrafa ta can a dawo maka da ita, don haka data za ta tafi, kuma na kyautar yana da iyaka.

Ka san inda na'urar ke tuntuɓe. Jita mai kuka da saksofon sukan faɗa layin murya saboda suna lanƙwasa kamar maƙogwaro. Hannun hagu na mai fiyano yakan shige cikin bes. Waƙoƙin da Phil Spector ya shirya, inda ya tara makaɗa da yawa a ɗaki guda ya lulluɓe su da amo, suna fitowa a dagule. Tarin MUSDB18 da aka horar da wasu daga cikin waɗannan manhajoji da shi waƙoƙi 150 ne, akasarinsu irin na Turawa, shi ya sa in ka ba su waƙar kalangu ko goge kada ka yi mamakin ganin an yanka kayan kiɗa ɗaya gida biyu.

Nisan da fasahar ta yi ana jin sa a "Now and Then" ta Beatles da ta fito a Nuwamban 2023. John Lennon ya rera ta a gida da fiyano a ƙarshen shekarun 1970, aka ɗauka a kaset. Sauran mambobin ƙungiyar uku sun gwada ta a 1995 suka ajiye, don fiyanon ya danne muryar. Sai da ma'aikatan daraktan fim Peter Jackson suka ƙera tasu manhajar yayin aikin shirin Get Back na 2021 a kan Beatles aka iya raba su. Wannan manhaja ba a kasuwa take ba, don haka kada ka auna sakamakonka da nasu.

Mataki na 6: Dubawa da gyara

Ka buɗe duk layukan a Audacity tare da asalin waƙar. Ka saurari kowanne a wuri uku: inda waƙar ta yi sanyi, inda ta fi cika, da wutsiyar baiti. In samfuri ɗaya ya gaza, gwada wani, don babu wanda ya fi a kowace waƙa.

Gyara kaɗan ya isa. A layin murya ka sa High-Pass Filter a wajen 80 zuwa 100 Hz don kawar da gurnanin bes. Inda mawaƙi ya yi shiru amma tarkace na motsi, ka zaɓi wurin ka danna Ctrl da L ya zama shiru. Ka yi hattara da Noise Reduction, yawansa na mayar da murya kamar ta cikin ruwa. Ka fitar da aikin a WAV.

Mataki na 7: Sauraro

Wannan ne dalilin duk wahalar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kada ka tsaya a jin layi ɗaya shi kaɗai. Ka ji cikakkiyar waƙar, ka ji layin, sannan ka riƙa haɗa su bibbiyu: bes da ganguna, murya da ganguna, murya da bes.

Fara da James Jamerson, mai bes na kamfanin Motown a Detroit, a waƙar Marvin Gaye ta 1971, "What's Going On". Shi kaɗai za ka rantse wata waƙar yake kaɗawa saboda yawon da yake yi, amma da ka maido da ganguna za ka ga kowane taku ya faɗa gurbinsa. A waƙar dai, muryar Marvin Gaye biyu ce ke tafiya tare: ɗauka biyu daban aka yi, aka kunna su lokaci guda bisa kuskure, ya ji ya ce a bar su haka.

Daga nan ka koma "Billie Jean" ta kundin Thriller na 1982. Gangunan Ndugu Chancler kusan abu ɗaya suke maimaitawa daga farko har ƙarshe, ba ado ba ƙawa. Motsin yana wurin Michael Jackson: numfashinsa da shaƙuwar da yake yi da gangan kayan kiɗa ne a karan kansu. Duk mai shirya waƙa da ya saba cika kowane gurbi da sauti ya kamata ya zauna da wannan layin.

A "When the Levee Breaks" ta Led Zeppelin, 1971, an ajiye gangunan John Bonham a ƙasan matakalar wani tsohon gida mai suna Headley Grange, aka rataye makirufo biyu daga sama. Ginin na da babban hannu a girman da kake ji. A tsakiyar "Bohemian Rhapsody" kuwa, taron mawaƙan nan mutum uku ne kacal, Freddie Mercury da Brian May da Roger Taylor, suna ta rerawa a kan muryoyinsu, Taylor na riƙe da can sama.

Abu biyu za su ba ka mamaki. Na farko, gudun yawancin waƙoƙin nan ba a tsaye yake cak ba, yakan ɗan ƙaru a amshi ya lafa a baiti, saboda mutane ne ke kaɗawa tare a ɗaki. Na biyu, layi da yawa ba su da daɗi su kaɗai: jita siririya, murya da ɗan kauce wa. An rage musu kauri ne da gangan don su bar wa juna wuri. Mai haɗa sauti da ke gyara kowane layi shi kaɗai har ya yi ƙiba, sannan ya rasa dalilin da haɗin ke cunkushewa, amsarsa na nan.

Idan kiɗa kake koyo, ka zaɓi ɗan yanki ka sa shi yana maimaituwa, ka rage gudu da Change Tempo wanda ba ya taɓa kaifin sauti. Ka bi shi har ya zauna a hannunka, sannan ka kashe layin ka maye gurbinsa.

Haƙƙin mallaka

Ware waƙa bai mayar da ita taka ba. Haƙƙi biyu ne a kanta: na waɗanda suka rubuta ta, da na kamfanin da ya mallaki naɗin. Sauraro da koyo a ɗakinka daban, ɗorawa a intanet ko sakawa a waƙarka daban. Tsarin Content ID na YouTube yakan gane ko da murya ce zalla, ya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin tallan ga masu ita. Vanilla Ice ya ɗauki bes ɗin "Under Pressure" ya gina "Ice Ice Baby" a 1990 ba da izini ba, ƙarshenta sai da aka sa sunayen Queen da David Bowie cikin marubutan waƙar. A Najeriya ma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare naɗaɗɗen sauti.

Mai son layukan da zai yi atisayen haɗa sauti da su hankali kwance ya leƙa rumbun da Mike Senior ya tara a shafin Cambridge Music Technology, inda mawaƙa suka ba da ɗaruruwan waƙoƙi kyauta don koyo. Wanda kuma ya nace sai ya saki wani abu da ya gina a kan tsohuwar waƙa, izini biyu zai nema a rubuce, ɗaya daga kamfanin da ke kula da rubutun waƙar, ɗaya daga mai naɗin.